Miliyan 3 a asusu: bashi, keken ɗinki, awaki ko kuɗi a hannu?

Mitin ɗin ƙungiyarmu ta unguwa da aka yi ranar Asabar bayan isha'i a zauren Baba mai unguwa, nan wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina, har kusan sha ɗaya na dare ba a tsaida magana ba. Shekara biyu muna karo-karo, 'yan unguwa da ke Abuja da Legas su ma suna ɗan turowa, yanzu kuɗi sun kai naira miliyan 3 a asusu, kuma tun farko an yi alkawarin na taimakon marasa ƙarfi ne su samu abin yi. To mi za a yi da su? Nan aka rabu gida huɗu. Alhaji shugabanmu shina son a koya ma mata da matasa sana'a a raba masu kekunan ɗinki. Ma'aji ya ce a'a, bashi ba ruwa za a riƙa badawa ana maidowa, kuɗin su yi ta juyawa. Hajiya shugabar mata ta ce awaki, kiwo ba ya ƙarya. Matasa kuma suka ce a lissafa gida 150 a tura ma kowa dubu 20 a huta.

Ni na roƙi a ba ni sati ɗaya. Ba don na fi kowa sani ba, sai don wannan gardamar tamu ta zaure ita ce masana tattalin arziki suka yi fiye da shekara ashirin suna gwadawa a ƙauyukan duniya, kuma an samu amsoshi, wasu ma daga nan kusa da mu, Jigawa da Zamfara da Maraɗi.

Yadda suke gwajin ba wani abu mai wuya ba ne. A samu mutane masu hali iri ɗaya, a jefa ƙuri'a, rabi a ba su abin, rabi a bar su, bayan shekara biyu ko huɗu a dawo a auna cinikinsu da cimarsu da abin da suka mallaka. Tunda ƙuri'a ce ta raba su ba sanayya ba, duk bambancin da aka gani to abin da aka bayar ne ya kawo shi. Saboda wannan hanyar aka ba Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer kyautar Nobel a 2019.

Bari in fara da ta Alhaji, da dukkan girmamawa, don ita ce aka fi sabawa da ita, duk wani emfawamen na 'yan siyasa haka yake, kanofi da kujeru da satifiket da kekuna jere ana ɗaukar hoto. David McKenzie na Bankin Duniya ya tattara gwaje-gwajen koyar da sana'a na ƙasashe daban-daban a 2017, abin da ya fito shi ne cikin mutum 100 da aka koya mawa, kamar mutum 2 ne ke samun aikin da da ba a koya masu ba ba za su samu ba, alhali ana kashe dala 1000 zuwa 2000 a kan kowane mutum ɗaya. Ni ba sai na je nesa ba ma. Gwaggona ta samu keke a wani rabo da aka yi shekarun baya, sati biyu aka koya masu, keken na nan a ƙuryar ɗaki an lulluɓe shi da tsohon zani an ɗora kwanonin silba a kai, ita kuwa ƙosai take soyawa tun ina firamare, da kuɗin keken aka ba ta ta sayi buhun wake lokacin kaka da ta fi kowa murna. Wasu da aka ba tare da ita ko sati bai yi ba suka kai kasuwa suka saida rabin kuɗi. Kuma ku duba layinmu kaɗai, tela nawa ne? In ba azumi ya kama ba duk zaman hira suke. Ka ƙara masu wasu ashirin ai ba ka ƙara yawan masu kawo ɗinki ba, ka dai ƙara masu raba ɗan cinikin da ke akwai.

Ba wai koyarwa duk banza ba ce fa. A Lome ta ƙasar Togo an gwada iri biyu a kan 'yan kasuwa kusan 1500, wasu aka koya masu lissafi da adana littafin ciniki yadda aka saba, wasu aka koya masu himma, wato ka nemi kwastoma kada ka jira shi, ka sake salo in abu ya tsaya. Masu himmar ribarsu ta ƙaru da kashi 30 cikin 100 cikin shekara biyu, na farkon kuwa ɗan ƙarin da suka samu bai kai a kafa hujja da shi ba. Amma ku lura, waɗannan masu sana'a ne tun asali.

Sai ta ma'aji. Gaskiya a takarda tafi kowace kyau, kuɗi ba su ƙarewa, bana mutum talatin baɗi wasu talatin. Duniya ma ta taɓa haukacewa a kanta, Muhammad Yunus da bankinsa na Grameen a Bangaladash sun samu Nobel ta zaman lafiya a 2006 a kan ƙananan basussuka, har ana cewa an gano maganin talauci. Da aka zo aka auna, a 2015 aka fitar da gwaji shida lokaci guda, Indiya, Habasha, Maroko, Meziko, Mongoliya da Bosniya, duk labari ɗaya: bashin bai jefa mutane cikin halaka ba kamar yadda masu suka ke cewa, amma kuma bai ɗaga samun yawancin gidaje ba. Mutane da yawa ma da aka yi masu tayi ba su karɓa ba. Waɗanda suka amfana sosai, kamar yadda aka gani da aka sake komawa birnin Haidarabad na Indiya bayan shekaru, su ne masu sana'ar da ke tafiya tun kafin bashin ya zo. Wanda ya buɗe sana'a don kawai an ba shi bashi, shiru.

Akwai wani ɗan gwaji na birnin Kolkata a Indiya da ya burge ni. Mata ne, wasu aka ce su fara biya bayan sati biyu yadda aka saba, wasu aka ɗaga masu ƙafa wata biyu. Bayan shekara uku masu ɗagin ƙafar sun fi riba nesa ba kusa ba, don sun iya sa kuɗin a abin da ke ɗaukar lokaci kafin ya dawo, amma waɗanda suka kasa biya a cikinsu su ma sun fi yawa. Wato in kana son bashi ya yi amfani sai ka yarda wasu kuɗin za su maƙale.

To a nan ne na ke jin tsoron shawarar ma'aji, ba a Indiya ba, a nan unguwa. Wa zai je karɓar bashin? Ni zan tsaya ƙofar gidan bazawarar da mijinta ya koya mani alif ba, in yi sallama in ce Inna an ce ki kawo dubu biyar ta wanga sati? Wallahi ba zan iya ba, ma'aji ma ba zai iya ba, kuma da mutum biyu sun ƙi biya ba a yi masu komi ba shikenan labari ya zaga, kowa zai ce ai kuɗin ƙungiya ne. Na biyu kuma hauhawar farashi. A Disambar 2024 alƙaluman hukuma sun nuna kashi 34.8 cikin 100. Mu ba za mu sa ruwa ba, haramun ne kuma ba mai kawo zancen, to ko kowa ya biya cif, dubu 100 da ka bayar bana in ta dawo baɗi a irin wannan yanayi abin dubu 75 za ta saya ko ƙasa. Asusun da ake cewa ba ya ƙarewa shina narkewa ne a hankali kamar ƙanƙara a kula. Baba Liman ma ya ja kunne a kan wani abu, in akwai kuɗin zakka a cikin abin da 'yan Abuja suka turo to su ba a bada su bashi, mallaka ake yi ma mai haƙƙi, sai a ware su tukuna.

Yanzu kuɗi a hannu, inda aka fi tada jijiyar wuya. Abin da kowa ke cewa shi ne za su cinye, ko namiji ya ƙara aure, ko yaro ya sha ƙwaya. David Evans da Anna Popova sun tattara bincike 19 daga Afirka da Asiya da Latin Amurka a kan wannan zargin kaɗai, suka ga kashe kuɗi a taba da giya bai ƙaru ba, a wurare da dama ma raguwa ya yi. A yammacin Kenya ƙungiyar GiveDirectly ta ba gidaje sama da 10,500 kusan dala 1000 kowane, a gwajin da ya shafi ƙauyuka 653, kuma abin mamakin har waɗanda ba a ba ko sisi ba samunsu ya ƙaru, don mai shago da mai walda da mai niƙa duk ciniki ya buɗe masu, kowace dala ɗaya ta haifar da harka ta kusan dala biyu da rabi, farashin kaya kuwa kusan bai motsa ba. Na kusa da mu shi ne na Jigawa da Zamfara, inda aka riƙa ba mata masu ciki naira 3,500 duk wata har yaro ya shekara biyu, haɗe da wayar da kai a kan shayarwa da abinci. Sakamakon da aka buga a 2021 ya nuna tsumburewar yara ta ragu da kashi 8 cikin 100, kuma matan nan da yawa sun ɗan yi dabara sun sa wani abu a ƙananan sana'o'i da kiwo. Matan ƙauye ne irin namu, masu kulle da miji da uwar miji da komi.

Amma kada matasanmu su yi tafi tukuna, don abin da aka gwada ba shi suke nema ba. Dubu 20 sau ɗaya ba jari ba ce, cefanen 'yan kwanaki ce, kuma ba laifi ba ne mai jin yunwa ya ci, sadaka ce mai lada, sai dai kada mu kira ta sana'a. Mun ga dubu goma-goma ta TraderMoni, mun ga dubu 25 da aka ce za a tura bayan cire tallafin mai a 2023, alat ya shigo an ji daɗi an sayi masara, wata ya zagayo an koma gidan jiya. A Kenya an gwada wannan ɗin ma kai tsaye, wasu ƙauyuka aka ba su dala 500 dunƙule, wasu aka tsinka masu kusan adadin wata-wata har shekara biyu. Masu dunƙulen sun fi buɗe sana'a sun fi samu. Su kuma waɗanda aka yi ma alkawarin wata-wata na shekara 12, kun san mi suka yi? Adashi suka shiga, suna maida na wata-watan dunƙule da kansu. Ashe abin da iyayenmu mata suka sani tun da can ne, kuɗi sai sun taru suke aiki, shi ya sa ake rububin kwasar farko.

Kuma ko dunƙulen ba sihiri ba ne. A arewacin Yuganda a 2008 an ba matasa kusan dala 400 kowane su sayi kayan aiki su koyi sana'ar da suka zaɓa da kansu, bayan shekara huɗu samunsu ya fi na sauran da kashi 38 cikin 100, kowa na murna, da aka koma bayan shekara tara sai aka tarar waɗanda ba a ba ba sun kamo su. Kuɗin sun gajarta masu hanya ne kawai, shekaru na samu da suka riga sauran, ni a wurina wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga saurayin da ke zaman majalisa yana jiran na shayi, amma dai a sani.

Akwai wani wuri mai ɗan nauyin faɗa, dole in faɗa don rabin waɗanda za mu ba mata ne. A Sirilanka an ba masu ƙananan sana'o'i dala 100 ko 200 kyauta, ribar ta kai kusan kashi 5 cikin 100 duk wata, amma da aka raba lissafin sai aka ga ta maza ce, sana'ar mata kusan ba ta motsa ba. A Gana ma kuɗi a hannu bai ɗaga sana'ar mata ba, sai da aka raka mace aka saya mata kayan da ta zaɓa, shi ma masu ɗan ƙarfin sana'a ne suka ci gaba. An daɗe ana cewa ko mata ba su iya kasuwanci ba ne, sai a 2019 wasu masana, dukkansu mata, suka sake bin alƙaluman suka gano inda kuɗin suka shiga: sana'ar maigida. Inda mace ita kaɗai ce mai sana'a a gidan, ribarta ta fito sarai. Wa bai san wannan ba a cikinmu? Ranta mani zuwa ranar kasuwa, ranar kasuwar da ba ta zuwa. Ko ba miji ba, ga ɗan'uwa an kwantar asibiti, ga bikin ɗiyar yaya, mace da kuɗi a ƙullin zani an san da su ba ta iya cewa babu. In kuwa sun riga sun zama buhun gyaɗa da kwalbar mai da injin markaɗe, ta samu abin fakewa.

Wannan shi ya kawo ni kan awakin Hajiya, kuma Hajiya ki yi haƙuri, kina da gaskiya rabi. Tsarin da ya fi kowane suna wajen ɗaga talakan ƙarshe, wanda ko sana'ar ba ya da ita, ƙungiyar BRAC ta Bangaladash ta fara shi a 2002, kuma dabba ce ƙashin bayanshi. A 2015 aka buga gwajinshi a ƙasashe shida, Habasha, Gana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, gidaje sama da 10,000, ya yi aiki a biyar, a Honduras ne kaji aka raba cuta ta kashe yawancinsu. A Indiya an koma bayan shekara goma an tarar amfanin na nan. Sai dai ba dabba kaɗai ake jefa ma mutum a tafi ba, ana haɗawa da ɗan kuɗin abinci na watanni don kada yunwa ta sa a saida ta, da ajiya, da mai zagayowa kusan duk sati shina dubawa. Da aka ce bari a rage tsada a Gana aka ba wasu awaki kawai ba sauran, bayan shekaru ba a ga wani bambanci ba. Ku ɗora wannan a kan cikin garin Katsina inda ba makiyaya, dusa saye harawa saye, bazara ta yi akuya ta fi yaro ci, ga ɓarayin dabbobi, ga cutar da ke shiga garke ta share. A ƙauyen Daura ko Mashi inda akwai gona da ƙaiƙayi lissafin daban ne. Mu nan gidan haya mai tsakar gida kamar tabarma, ina za a ɗaure uku?

Makwabtanmu na Nijar sun gwada wani abu da ya kamata mu ara. Mata ne da gwamnati ke ba sefa dubu 10 duk wata, a jihohi biyar har da Maraɗi da Damagaram, aka sa su ƙungiyar ajiya da mai ba su shawara, wasu aka ƙara masu sefa dubu 80 dunƙule, wasu kuma ba a ƙara masu kuɗi ba sai dai aka tara gari, maza da dattawa, aka nuna masu majigi aka tattauna a kan mace da sana'a, matan kuma aka yi masu zaman ƙarfafa zuciya. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna duka sun yi aiki, amma in aka auna da abin da aka kashe, na zaman da jama'a ya fi biyan kuɗinshi. Wato ka zauna da maigida da uwar miji kafin ka ba mace jari ba ɓata lokaci ba ne, kuma mu wannan kyauta za mu same shi, muna da Baba Liman muna da mai unguwa.

To ga abin da zan kai ranar Asabar. Bashi mu ajiye shi, in dole sai an yi to ɗan kaɗan, ga masu shago da ke tafiya, da ɗagin ƙafa, kuma mu sa a rai ba duka za su dawo ba. Kekuna a'a, sai ga wanda ya riga ya gama koyo a shagon wani shina zaune ba keke, shi wannan keken ne jarinshi. Dubu ashirin-ashirin mu bar ma azumi, a yi mata karo-karonta daban. Miliyan ukun a ba mutum 15, dubu 200 kowa, ko 20 a dubu 150, kyauta ba bashi ba, ga masu abin yi a hannu da jari ya tsaida, mai ƙosai, mai ƙuli-ƙuli, mai faci, mai gyaran waya. Kowa shi zai faɗi abin da zai saya ba mu za mu zaɓa mashi ba. Matan Hajiya da mutanenta su raka su kasuwa a sawo kayan a gabansu, a kuma yi zama da mazajen tukuna, sannan duka su shiga adashi ɗaya, mutum biyu cikinmu su riƙa leƙa su duk wata da ɗan littafi. Na san gida 135 za su ji haushinmu, wasu ma gaisuwa za ta yi sanyi a masallaci.

Abin da har yanzu ke hana ni barci shi ne zaɓen sha biyar ɗin. A jihar Maharashtra ta Indiya an tambayi makwabta wa zai fi juya jari a cikinku, kuma sun canka daidai ƙwarai, waɗanda suka sa a sama su suka fi riba, amma da aka gaya masu amsarsu ce za ta sa a ba mutum kuɗi sai suka fara tura 'yan'uwa da abokai gaba. Mu ma haka za a yi, ni kaina gwaggona ce ta fara faɗo mani a rai. Shawarata kowane layi ya kawo sunaye a ɓoye, wanda sunanshi ya fito daga bakin mutane daban-daban ya shiga, 'yan kwamiti kada wanda ya sa na gidansu, in an samu kamar talatin a rubuta a takarda a zuba a hular Baba mai unguwa a kira yaro ɗan makarantar allo ya ciro sha biyar a gaban kowa. Sauran sha biyar su ne na zagaye na gaba in Allah ya hore, kuma kafin nan sai mu riƙa rubuta cinikin duka talatin ɗin, baɗi war haka mu buɗe littafi mu ga ko akwai bambanci. Na kira Alhaji jiya na ɗan shafa mashi zancen, ya yi shiru can ya ce to Malam, kekunan da na riga na yi ma wani ɗan kasuwa magana fa? Na ce Alhaji a bari sai Asabar.